Kifin Inna a Shagon Tufafi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na tsaya a gaban matan da ke bandar kifi a garinmu, waya a hannu, ina roƙon Allah a zuciyata ya sa janareta ya mutu. Ni da kullum addu'ata wuta ta zauna, ranar nan duhu nake nema da rana tsaka. Janaretan kuwa tsoho ne na aro, wanda kowa ya sani da tari da shaƙewa, amma bai taɓa aiki lafiya lau kamar ranar ba.

Innata bandar kifi take yi a Yelwa ta ƙasar Yauri tun kafin a haife ni. Tarwaɗa, giwan ruwa, karfasa, duk abin da masunta suka fito da shi daga tafkin Kainji, in ya bi ta hannunta ya sha hayaƙi a kan murhunta, sai ya fito jawur yana sheƙi. 'Yan kasuwar Sakkwato da na Kontagora sun san sunanta, kuma sun san in ta ce kifi ya bushe, to ya bushe. Ni kuma autarta ce, wadda aka tura jami'a ta karanto adabi. Ni ce irin yarinyar da za a bar wa tsaron wutar banda, ta tsaya kallon yadda rana ke narkewa a cikin tafki har wutar ta mutu. (Ya faru. Ba sau ɗaya ba.)

Da na gama bautar ƙasa na dawo gida, lokacin wayoyin shafawa sun fara yawa a hannun mutane, sai na ce lokaci ya yi da iliminmu zai yi wa gida rana.

"Inna, zan buɗe miki shago a intanet."

"A wace unguwa take?"

"Ba unguwa ba ce, Inna. A cikin waya ne. Mutum yana Kano ya ga kifinki ya saya."

Ta juya tarwaɗar da ke kan ragar ƙarfen murhu, ta dube ni ta cikin hayaƙi. "To, wa zai riƙa share shi da safe? Don na san ba ke ba."

Akwai wani kamfani da ke ba da hayar irin waɗannan shaguna. An riga an gina su, kai dai ka zaɓi ƙirar da ta dace da sana'arka, ka zuba kayanka. Akwai ƙirar masu sayar da abinci: fara fat, ba ado, kamar ɗakin jiran ganin likita. Akwai kuma ta masu sayar da tufafin mata, mai haruffa a kishingiɗe kamar ciyawar bakin ruwa idan iska ta taɓa ta, hotuna suna shigowa a hankali kamar kwalekwale. Ina ganinta zuciyata ta zauna.

Basiru, ɗan Kawuna kuma taubashina, wanda ya karanci kwamfuta, ya leƙo ta kafaɗata.

"Malama Mawaƙiya, wannan fa shagon dogayen riguna ne. Kifi za ki sayar. Ɗauki na abinci."

"Kai ba ka san kyau ba. Na abincin ba shi da rai."

"Kifin ma ai ba shi da rai. Banda ne."

Na kore shi da mafici, na zaɓi shagon tufafi.

Da farko kamar Allah ne ya haɗa mu. Shagon yana tambayar mai saye girman da yake so, ƙarami, matsakaici ko babba, kuma kifi ma haka yake. Sai aka zo wurin launi. Dole mai saye ya zaɓi launi kafin ya wuce, kuma ba a cire wurin. Na yi tagumi na ɗan lokaci, can dabara ta zo: ja ya zama tarwaɗa, shuɗi giwan ruwa, kore karfasa. Na rubuta bayani a sama don kada a ruɗe. Sai batun kai kaya. Shagon bai san direbobin tasha ba, mu kuwa duk kwalayenmu ta hannunsu suke tafiya. Amma akwai wani ɗan akwati da mai saye ke dannawa in yana so a naɗe masa riga da ribon don kyauta. Na ce daga yau, duk wanda ya danna ribon, yana nufin a ba direba.

Abu biyu suka rage. Na farko, a ƙarƙashin kowane kaya akwai wasu layukan Turanci da ke bayanin yadda ake kula da tufa. Na yi juyin duniya su gogu, suka ƙi. Rannan ina shanya sai na lura farin zare ba ya fitowa a kan farin ƙyalle. Na ruga na ɗauki waya, na mayar da launin rubutun fari, bangon shafin ma fari ne. Layukan suka ɓace ɓat. Wallahi har rawa na taka a tsakar gida. Na tuna yadda tsofaffi ke ba da labarin bishiyoyin da tafki ya shanye lokacin da aka datse kogi, na ce ni ma na shanye Turancin nan.

Na biyu, a shafin farko akwai hoton wata Baturiya, doguwa, hannu a ƙugu. Ita ma ta ƙi fita. Sai na ɗauki Inna hoto a gaban murhunta, da mayafinta da komai, hayaƙi yana tashi a bayanta, na ɗora shi a kan Baturiyar. Na ja nan, na buɗa can, har ya rufe ta ruf, ko ɗan yatsanta ba a gani. A ƙasa na rubuta da haruffan nan masu kishingiɗa: "Inna a bakin aikinta. Tun tana budurwa haka take, kuma har yau ba ta canza ba."

Kuma fa shagon ya yi aiki, kada ku ce ban faɗa ba. Oda ta fara shigowa daga Birnin Kebbi, daga Kaduna, har daga Abuja, wurin 'yan Yauri da ke kewar miyar gida. Kowace safiya nakan tsaya a bakin murhu in karanto: "Inna, ja babba biyu da ribon, kore ƙarami ɗaya ba ribon." Tun tana cewa "Mi kinka ce?" har ta haddace, ta kai ga tana yi wa masunta ciniki da cewa yau shuɗinsu ya yi tsada.

Abin da ban lura da shi ba, a hankali shagon ya ɗaure ni a ƙafarsa kamar akuya. Ni kaɗai ke gane odar. Duk sabon kayan da za a saka, sai na bi shi da dabarun nan ɗaya bayan ɗaya: in sauya launi, in ɓoye Turanci, in duba ko ribon yana nan. Aikin da mai shagon abinci zai yi kafin shayinsa ya huce, ni sai ya cinye min yamma guda. Ranar bikin babbar ƙawata a Ngaski, ana can ana kamu, ni ina bayan gari a kan wani tudu, waya a sama, ina neman sabis don in fassara wa Inna oda. Wata baiwar Allah kuma a Kaduna ta danna ribon da gaskiyarta, don kyauta za ta kai wa surukarta, sai ga kwali ɗaure da igiyar roba yana warin man fetur. Na ba ta haƙuri, na ƙara wani bayanin a kan bayanin da ke sama.

Sannan ga wani saƙo da kamfanin ke turowa, wai an sabunta ƙirar shagon, in danna in karɓa. Jikina ya ba ni cewa duk abin da ya taɓa ginin nan zai taɓa facina, don haka kullum sai in danna "anjima". Na yi watanni ina anjima.

Basiru ya duba shagon wata rana ya girgiza kai. "Wannan ba shago ba ne, zanen mahaukaciya ne, faci a kan faci. Ki rushe ki sake tun kayan ba su yi yawa ba."

"Hassada ce ke damunka."

"Ni? In yi hassadar mai sayar da kifi kore?"

Ana nan sai labarin shagon ya kai kunnen ƙungiyar mata masu banda. Shugabarsu Hajiya Tumba, mace ce da ko gaisuwa sai ta auna kafin ta amsa. Ta ce ita ba ta yarda da kasuwar da ba a ganin idon mai saye ba. Inna kuwa, wadda ban taɓa jin ta tsaya wa kowa ba, ko 'ya'yan cikinta, ta miƙe a taronsu ta ce: "Ɗiyata ta iya. Ku ba ta kifinku ta sa a shagon, ni na tsaya mata." Da aka ba ni labari sai da na shiga ɗaki na yi ɗan kuka. Inna ba ta yabo. In ta ce miyarka "ba laifi", to ka yi walima. Yanzu ga shi ta ɗauki sunan da ta tara a bakin murhu ta ɗora a kan wayata.

Aka sa ranar Asabar in nuna musu shagon, a wani aji na makarantar firamare. Mata za su zo har daga Shanga da Ngaski. Basiru ya aro babbar talabijin daga gidan kallon ƙwallo, Kawu kuma, mahaifinsa, da yake malami ne, shi zai buɗe taro da addu'a.

Da safiyar ranar, na yi wanka na sa atamfata mafi kyau, na buɗe shagon don in yi masa kallon ƙarshe. Sai ga saƙon nan na sabuntawa, amma wannan karon da hoto. Wai sabuwar ƙirar ta zo da bango mai launin shuɗi mai duhu. Jama'a, ku yi min adalci. Launin tafki ne daidai lokacin da rana ta faɗi ba a kira magariba ba, launin da na daɗe ina neman kalmar da zan kira shi da ita a waƙa. Na hango kifin Inna jawur a kan wannan shuɗin, na hango Hajiya Tumba tana riƙe baki. Hankalina yana cewa "anjima", yatsana ya riga ya danna "karɓa".

Wata 'yar da'ira ta fara juyawa a fuskar wayar. Tana juyawa na hau kabu-kabu, tana juyawa na sauka, tana juyawa Kawu ya yi addu'a aka shafa. Ban samu na ga komai ba. Aji ya cika maƙil, manyan mata sun matse a bencin yara, ƙamshin hayaƙin banda da turare ya gauraye. Na tashi na yi jawabi, har da cewa kifinmu zai yi iyo a cikin iska ya isa biranen da ruwanmu bai kai ba. Mama Rifkatu, wata mai fara'a daga wajen Shanga, ta tafa min ita kaɗai. Daidai nan da'irar ta tsaya. Basiru ya haɗa wayar da talabijin.

Shuɗin ya fito. Kai, ya yi kyau! Na ji wata ta ce "Ma sha Allah." Na ɗaga kai kamar zakara.

Da yake sabis ɗin wurin ba ƙarfi, hoton shafin farko ya fara saukowa daga sama, kaɗan-kaɗan. Abin da ya fara bayyana gashi ne. Ba ɗankwali ba, gashi, ruwan gemun masara. Na ce a raina wataƙila hayaƙi ne. Sai goshi fari. Sai jan baki. Sai kafaɗu, ba mayafi, ba ma hannun riga. Sai hannu a ƙugu. Sai rigar ta ƙare, a wurin da rigar mutunci ba ta ma fara tunanin ƙarewa ba, ƙafafu kuwa suka ci gaba da zuwa kamar ba za su tsaya ba. Hoton Inna na gaskiya ya tsuke ya koma can lungu, ƙanƙane kamar kan sarki a jikin ambulan.

Kawu ya ce "A'uzu billahi," ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, ya shiga nazarin jadawalin sau da aka manna wa 'yan aji uku.

Rubutuna kuwa yana nan daram a ƙarƙashin Baturiyar, da haruffansa masu kishingiɗa. Mama Rifkatu ta gyara tabarau ta karanta da ƙarfi, a hankali, kamar mai karatu a coci: "Inna a bakin aikinta. Tun tana budurwa haka take, kuma har yau ba ta canza ba."

Wata a baya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Na yi sauri na ja shafin ƙasa don in gudu daga ƙafafun nan, na faɗa kan kwalin tarwaɗa. A nan ne na gane abin da ko ɗan firamare ya sani: farin zare ba ya fitowa a kan farin ƙyalle, amma a kan shuɗi mai duhu, haske yake yi kamar farin wata. Duk Turancin da na binne ya taso, layi-layi.

Hajiya Tumba ta nuna da sandarta. "Wanga rubutu na ƙasan kifi fa, mi anka ce?"

"Hajiya, ba wani abu ba ne, ƙa'idoji ne kawai na..."

"Ba ke na tambaya ba. Kai, ɗan Malam, karanta muna."

Na kalli Basiru da idon roƙo. Taubashi kuwa ba ya samun irin wannan ranar sau biyu. Ya gyara murya, ya haɗe hannu a baya kamar mai fassara a kotu.

"An ce, Hajiya, a wanke shi da ruwan sanyi, shi kaɗai, kada a haɗa shi da fararen kaya. Kada a matse shi. A shanya a inuwa. In za a yi masa guga, a juya cikinsa waje, kuma kada dutsen ya yi zafi sosai."

Ajin ya fashe. Mama Rifkatu ta kwanta a kafaɗar ta kusa da ita tana share hawaye. "Wayyo cikina! Shekara da shekaru ina banda, ashe guga ce ba na yi, shi ya sa ba ni da kasuwa!" Har bayan Kawu na ga yana girgiza, ko da yake bai bar jadawalinsa ba.

"Da saura," in ji Basiru. "An ce in kika gwada bai yi miki daidai ba, ko ya matse ki, kina iya dawowa da shi cikin wata guda a canza miki wani."

Wannan bai ba Hajiya Tumba dariya ba. Ta buga sanda a ƙasa, aka yi shiru.

"Wato mutum shi ci rabin kifina, shi ce ya matse shi, shi maido min sauran bayan wata? Da sunan wa anka yi wanga alkawari?"

"Da sunan shagon ne, Hajiya. Amma ai a ɓoye yake, ba a..."

"A ɓoye." Ta maimaita kalmar kamar ta tsinci ƙaya a tuwo. "To wanga abu da muka kallo, mu kaɗai muka ganinai, ko da wasu?"

"Duk mai waya, Hajiya."

"A Sakkwato ma?"

"Har Abuja."

A lokacin ne na fara addu'ar janareta. Ban iya kallon inda Inna take ba. Matar da ta tsaya min a gaban sa'o'inta, ga shi na sa mata gajeren siket a gaban duniya, na kuma yi alkawari da sunanta cewa ana dawo da banda.

Sai na ji benci ya yi ƙara. Inna ta tashi, ta tako a hankali har gaban talabijin. Ta ce wa Basiru ya mayar da hoton. Ta dubi Baturiyar tun daga sama har ƙasa, kamar tana taya giwan ruwa a bakin kwalekwale. Sannan ta riƙe nata ƙugun.

"Ƙugun dai nawa ne, lokacin da uban Auta ya fara ganina. Gashin ne ban gane ba."

Dariyar da aka yi ta fi ta farko, har Hajiya Tumba sai da haƙorinta na makka ya leƙo. Da ta lafa, Inna ta juyo, ba dariya a fuskarta.

"Ni na ce ta iya, kuma ban janye ba. Kifina ya kai inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba. Amma yau na gane rufa-rufa ta iya, gini ne da saura. Ku ba ta lokaci ta rushe ta sake."

Hajiya Tumba ta ce kifinta ba zai shiga shagon da ke buƙatar tafinta ba. Ranar da Inna ta iya gane oda da kanta, ba ni a kusa, kuma ba wani abu binne a ƙarƙashin wani, a zo a same ta.

Da muka isa gida, Inna ta hura wuta, ta miƙo min mafici. "Riƙe. Kuma in kinka ga launi mai kyau a sama, ki bar shi nan inda Allah ya aje shi."

Rushewar ta fi ginin wuya. Na koma ƙirar abincin nan mai kama da ɗakin jiran likita, wadda da na ɗauka tun farko da yini guda ya ishe ni. Yanzu kuwa sai da na sake saka kowane kaya daga tushe, na yi asarar duk kyawawan maganganun da masu saye suka rubuta a tsohon shagon, na kuma bi su ɗaya-ɗaya ina warware abin da na koya musu. (Har yau akwai wani Alhaji a Kaduna da ke bugowa ya ce a ba shi ja biyu da ribon.) Basiru ya taimaka, amma ladansa shi ne ya kira ni "Mai Guga" a gaban kowa, kuma sunan ya bi ni har bakin ruwa.

Sabon shagon ba shi da rai, na yarda. Amma tarwaɗa sunanta tarwaɗa, direba sunansa direba, kuma Inna tana duba odarta da kanta, tana riƙe wayar nesa da fuska kamar za ta cije ta. Mama Rifkatu ce ta fara kawo kifinta, sauran suka biyo. Hajiya Tumba ta zo a ƙarshe, bayan ta sa Basiru ya sauya bangon shagon zuwa launi uku a gabanta, don ta tabbatar ba abin da zai taso. Inna kuwa masunta sun sa mata "Baturiya", kuma ina lura tana amsawa da sauri fiye da sunanta na yanka.

Da rani ya yi, ruwan tafki ya ja baya, na je bakin gaɓa da yamma kamar yadda na saba. Sai ga kututturan bishiyoyin nan da ruwa ya shanye tun zamanin kakanni sun leƙo, baƙaƙe, masu kwalekwale suna kauce musu. Na tsaya na gaishe su da girmamawa, don mun san juna. Tun daga ranar, in abu ya ƙi goguwa, ba na shafa masa farin launi. Tambaya nake ko dai ni ce na shiga shagon da ba nawa ba. In kuma na ga shuɗi mai kyau, sai in rubuta masa waƙa, in bar yatsana a cikin aljihu.